Mutumin Baba Ba Ya Sata

Shekarar da nake aji biyu a jami'a, Yayana ya shigo gidanmu na unguwar Lamorde wata ranar Asabar da wata baƙar na'ura a cikin leda. Ya jona ta da tsohuwar telen falo, wadda ba mai kunna ta sai lokacin labarai, ya miƙo mini manet, wato abin da ake riƙewa da hannu biyu ana dannawa, ya ce in gwada. Wani abokinsa da ya tafi karatu waje ne ya bar masa ita, da wasa ɗaya tak a ciki.

Wasan na wani matafiyi ne mai doki da takobi da kwari da baka, wanda yake ratsa ƙasa yana neman ƙanwarsa da ƴan fashi suka ɗauke. Kai ne kake tuƙa shi. Ka hau dutse da shi, ka ƙetare ruwa, ka shiga gari ka yi tambaya, in faɗa ya zo ka yi faɗa. Duk abin da mutanen ciki suka ce yana fitowa a rubuce da Faransanci a ƙasan allo. Ranar nan sai da Inna ta kira ni sau uku kafin in ji.

Bari in faɗi yadda gidanmu yake a lokacin, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Baba mutumin Maraɗi ne. Ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, shekara talatin da ɗoriya, ya yi daraktan makaranta, sannan ya ajiye aiki, kuma har yau duk unguwa Mushe suke ce masa, kamar yadda ake kiran malaman lakwal. Yaya shi ne ɗansa na fari, Baba kuwa yana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ban taɓa jin sunan Yaya a bakinsa ba. Ni da aka sa wa sunan mahaifiyarsa, Uwata yake kirana, kuma in yana son aiken Yaya sai ya ce, "Uwata, gaya ma wancan ya duba mani tayar moto." Mun tashi mun tarar da haka, ba mu taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Kowa a gidan ya san tsokar da Baba ke bari a gefen kwano ta wa ce.

Abin ya canza ne lokacin da Yaya ya bar jami'a a shekararsa ta uku, ya kama teburin gyaran salula a Kalley, kusa da babbar kasuwa. Bai yi shawara da kowa ba. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai daina aikensa, ya daina barin naman. Da safe Yaya zai durƙusa a ƙofar ɗaki ya gaishe shi, Baba ya ce "lahiya" ba tare da ya ɗago daga carbinsa ba. Baƙo zai ce kunya ce. Mu na cikin gida mun san kunya, mun kuma san wannan ba ita ba ce, kuma shekara uku muka yi a haka.

Ana nan sai Yaya ya samu wanda za su buɗe shago tare a Agadas. Ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, Baba ya ce, "Na ji." Daga nan bai ƙara ba. Aka sa tafiya bayan wata uku. Wata safiya Yaya ya ɗauke ni a bayan moto zai sauke ni a fak, wato jami'a, da muka iso bai bari na sauka ba sai da ya ce, "Tafiya kam zan yi, ba fashi. Amma ba na son in tafi tsoho bai sa mini albarka ba. Ko kalma guda ce." Na ce ya je ya roƙe shi mana. Ya ce, "Da wane baki? Ke kin taɓa ganin na zauna a gabansa?" Tausayinsa ya kama ni, haushinsu su biyun ma ya kama ni. A cikin waɗannan watanni uku ne na'urar ta shigo gidan.

Yaya ya gama wasan cikin mako biyu, kuma yana da ra'ayi a kan kowane lungu nasa, kamar kowane mai gyara. A ganinsa faɗan ne kawai abin kirki a ciki: yadda takobi ke da nauyi a hannu, yadda in ka kauce a daidai lokacin abokin gaba ke buɗe maka haƙarƙari. Sauran duk ɓata lokaci ne. Mutanen gari sun cika surutu, kowace tsohuwa da nata aiken, wannan akuyarta ta ɓata, waccan ɗanta bai aiko da saƙo ba. Yaya danna maɓalli yake yi ya tsallake maganarsu. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne kamara, wato idon da ke bin mutumin ta baya, don in faɗa ya kai ka lungu sai ta juya ta nuna maka bango, ana sararka ba ka gani. "Wanda ya haɗa kamarar nan," in ji shi, "a ba ni shi kwana biyu a teburina, sai ya koyi aiki."

Ni kuma faɗan bai dame ni ba, tsoronsa ma nake ji. Hawa nake so. In hango dutse can nesa, shuɗi-shuɗi, in ce sai na taka kansa, kuma wasan ya bar ni in je. Yarinyar da ko unguwar Saga ba ta zuwa sai ta faɗi wa za ta gani da lokacin da za ta dawo, a ba ta ƙasa guda a ce je ki, ai dole ta so abin. Dokin ne ba ma shiri da shi. Ka ce masa dama ya yi hagu, ya ƙetare kogi lafiya amma ɗan kututture ya tsayar da shi cak. Muka yi ta musu da Yaya a kan wannan. Shi ya ce hannuna ne bai iya ba, ni na ce dokin jaki ne aka yi wa fenti.

Inna sau ɗaya ta yi nata sharhin, tana wucewa da faranti. A wasan in ka fasa tukwanen mutane kana samun abubuwa a ciki. Ta tsaya ta ga na fasa guda shida a jere, ta ce, "Matar da ta gina su, mi ta yi maki?" Ba ta jira amsa ba ta wuce.

Baba in ya dawo daga sallar la'asar, a kujerarsa ta falo yake zama da ƴar rediyonsa har magariba. Ni kuma lokacin ne nake samun wasan. Kwana da kwanaki yana yi kamar bai san ana yi ba, amma ina ganin rediyon na yin ƙasa-ƙasa. Wata rana na shiga wani gida a wani ƙauye, ga matar gidan tana juya tukunya, na wuce ta, na buɗe akwatin da ke gindin gado na kwashe abin da ke ciki.

"Uwata, gidan wa ne wanga?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ya yi sallama?"

"Ba a sallama a wasan."

"Abin da ya ɗauka cikin akwati, ba shi anka yi?"

"Haka ake yi, Baba. Don a ɗauka aka ajiye akwatin."

"Kuma matar na kallo, ba ta ce komi ba." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "To, ko dai tsoronshi take ji, ko kuwa waɗanda sunka yi abin ga ba su taɓa zama da mutane ba."

Na yi dariya har manet ta zame daga cinyata. Shi bai yi ba. Washegari da ya zauna, ko rediyon bai kunna ba, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni in gani."

Makon farko mutumin nan ya sha wahala a hannun Baba. Ya yi ta karo da bango, yana tafiya yana kallon sama, ya faɗa rijiya ɗaya sau huɗu. Baba in zai juya sai ya karkata da jikinsa gaba ɗaya har kujera ta yi ƙara. Amma malami ne, bai san a bar abu rabi ba. Ya sa na zana masa maɓallan a takarda, ya haddace su. Na buɗe masa nasa wasan daban da namu, ya fara daga farko, kuma tun daga ranar ya daina cewa "mutumin ga", ya koma "mutumina".

Mutumin Baba ba ya gudu a cikin gari, tafiya yake yi. In ya zo ƙofar gida sai ya tsaya, Baba ya yi sallama da bakinsa a hankali, ya ɗan jira, sannan ya shiga. Ba ya taɓa akwati, ba ya fasa tukunya. Duk wanda ya yi masa magana sai ya saurare shi har ƙarshe, Baba na karanta rubutun a fili da muryarsa ta aji. Akuyar tsohuwar nan da Yaya ya raina, Baba yamma biyu ya yi yana nemanta, da ya same ta a bayan wani kwazazzabo ya yi murna kamar tasa ce. In ya yi tafiya mai nisa sai ya sauka, ya ja dokin bakin ruwa, ya tsaya. Na ce masa dokin ba ya jin ƙishirwa, ba a sa masa wannan ba. Ya ce, "Ba a sa mashi ba, amma ni na san nisan da munka yi."

Ya samo wani tsohon kaye, littafin rubutu, ya riƙa ba wasan maki bisa ashirin, da jan bik, wato biro, yadda ya saba yi wa ɗalibai. Ƙasar da taswirarta ya ba su sha bakwai. Ya ce wanda ya zana ta ya san inda ruwa ke bi, ya san kuma inda mutane ke kafa gari. Hasken yamma a kan duwatsu, ya ce ba shi da abin cewa. Labarin ya ba shi sha biyu, don a ganinsa mutumin da aka sace wa ƙanwa bai kamata ya samu sukunin shiga tseren dawaki ba. Faɗa ya yi yawa, kuma ba wanda ake binnewa. A layin da ya rubuta tarbiyya, uku ya bayar, ya ja layi biyu a ƙasa.

Wata Lahadi Yaya na zaune a bakin ƙofar falo yana cin dambu da kopto, wato kwaɗon zogale. Nan ya saba zama in Baba na ciki, rabin jikinsa a ɗaki rabi a waje. Kamara ta yi halinta, ta juya ta nuna wa Baba bango, kyarkeci ya gama da mutuminsa. Baba ya ajiye manet a cinya.

"Uwata, tambayi wancan, haka abin ga yake yi mashi shi ma?"

Cokali ya tsaya a hannun Yaya. Shekara uku ke nan rabon da a aike ni wurinsa. Na juya na maimaita tambayar, ga mutum nan taku huɗu daga inda aka yi ta.

"Ce masa haka take yi wa kowa," in ji Yaya. "Ya danna sandar dama ciki, za ta dawo."

Na ce masa. Baba ya danna, ta dawo. Ya ce, "Hm."

Daga ranar aike ya buɗe. Baba zai ce in gaya wa wancan ya yi asara da bai saurari mai kwalekwale ba, don a bakinsa rabin labarin yake. Yaya zai ce in gaya masa in ya ci gaba da sauraron kowa, sai ƙanwar ta yi jikoki kafin a cece ta. Na faɗa ina jiran tsawa, sai na ga Baba ya rufe baki da hannu kamar mai tari. Yaya ya fara rufe teburinsa da wuri don ya riski la'asar a gida, shi da dā sai an yi isha ake ganinsa. Na zama waya tsakanin mutum biyu da ke ɗaki ɗaya. Da farko na ji daɗi, daga baya abin ya ishe ni, don maganar doki da kibiya ake aiko ni da ita, maganar Agadas ko sau ɗaya. Kwanaki kuwa suna ta tafiya.

Sai Baba ya iso gada. A tsakiyar wasan akwai wata doguwar gada ta dutse, da wani ƙato mai gatari da ke tsaronta, ba hanya sai ta kansa. Ni da Yaya mun isa wurin da sulke da hular ƙarfe da magunguna cike da jaka, duk daga akwatunan mutane. Mutumin Baba ya iso da rigar da ya baro gida da ita, da takobinsa na farko, da ƴan kyaututtukan tsofaffin da ya yi wa aike, su cuku, su safa, da wata igiya. Sara biyu ƙaton ke yi masa. Fiye da kwana goma Baba na zuwa gadar nan kowace la'asar ana kayar da shi, ya ce "Subhanallahi", ya sake. Ga zafi, ga kuran, wutar lantarki, da ake ɗaukewa ana tsakiyar faɗa. Abin ya fara ba ni tausayi.

Na ce, "Baba, akwati biyu kawai. Ai ba mutanen gaske ba ne."

Ya ce, "Ni na gaske ne."

Ranar ya rubuta a kayensa cewa babban aibin wasan shi ne an gina shi yadda mai riƙe hannunsa ba zai iya ƙetare gada ba. Ya karanta mini a fili, da ƙarfin da zai isa bakin ƙofa.

Saura kwana takwas tafiya, Yaya ya kasa jurewa. Ranar Juma'a da hantsi Baba ya tafi gaisuwar rasuwa a Saga, ni kuma ina fak. Yaya bai je Kalley ba. Ya buɗe wasan Baba, ya bi ƙauyuka uku gida-gida ya kwashe akwatunansu, ya sa wa mutumin sulke da hula, ya je ya kayar da ƙaton a karo ɗaya. Ya tsayar da shi a ƙetaren gada, ya kashe tele. Na'urar kuwa da kanta take ajiye inda aka tsaya, ta shafe na baya. Daga baya ya gaya mini har wurin tsayuwar zaɓa ya yi, inda ake hango sabuwar ƙasar gaba ɗaya, don Baba ya buɗe ya gani. Kyauta ya yi nufi. Shi abin da ya iya ke nan, a kawo masa abu ya ƙi aiki, ya mayar da shi yana aiki.

Da la'asar Baba ya zauna na kunna masa, ban san komai ba. Ga mutum tsaye yana ƙyalli daga sama har ƙasa, gada a bayansa. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe jakar. Zobba ne, da kofunan azurfa, da barguna, da magunguna, har da cokula.

"Wa ya sa mutumina sata?"

Yaya na bakin ƙofa, murmushin da ya shigo da shi ya tsaya a rabi. Ya ce, "Ce masa na ga gadar ta dame shi ne."

Ban ce ba, don Baba ya ji. Ya miƙo mini manet ya ce in kashe, ya ɗauki rediyonsa ya fita tsakar gida. Ba tsawa, ba komai. Na fi son tsawar, wallahi.

Na bi Yaya waje na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce wata biyu yana kallon tsohon nan yana sallama a ƙofar gidajen da ba mai amsa masa, amma bai gane komai ba? Na ce shi kullum haka yake, ya yanke shawara shi kaɗai ya aikata, sannan ya tsaya yana jiran a gode masa. Wannan maganar ta ƙarshe ta yi masa zafi fiye da yadda na yi nufi, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Wasa ne fa." Amma ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Kwana huɗu ba a kunna telen ba sai don labarai. Yaya ya fara ɗaure kayan aikinsa a kwalaye. Aike ya tsaya, gidan ya koma yadda yake, har ya fi, don yanzu mun san yadda yake in ana magana. Ni kam na cire rai. Na ce shi ke nan, zai tafi hakanan.

Rana ta biyar Baba ya dawo daga masallaci ya ce, "Uwata, kunna." Ya buɗe jakar ya tambaye ni wane maɓalli ne na mayar da abu inda aka ɗauko shi. Na duba, na sake dubawa. Akwai na ɗauka, akwai na sayarwa, akwai na yarwa a ƙasa. Na mayarwa babu.

"Na ɗauka ga shi nan ƙato, na maidawa babu," in ji shi. Ya girgiza kai. "To, mu yi da na yarwar. Mu aje ma kowa nashi a bakin gidanshi."

Na ce ai ban san gidajen ba. Kaya sun fi hamsin, ƙauye uku, kuma ba ni na ɗauko ba. Baba ya san amsar kamar yadda na sani. Can ya ce, "Kira shi."

Yaya ya zo ya zauna a wurinsa na bakin ƙofa. Baba ya juya mutuminsa ya sake ƙetare gadar, ya koma baya. Aka fara. Baba ya ce in tambayi wancan kofin nan daga ina, na tambaya, Yaya ya ce gidan da ke kusa da rijiya, na faɗa. Baba ya je ya tsaya a ƙofar, ya yi sallama, ya ajiye kofin a ƙasa ya ce, "A yi haƙuri." Muka koma kan na biyu. Abin mamaki, Yaya bai manta ko ɗaya ba. Mutumin da ke kwance salula ya san inda kowane ɗan ƙusa ya fito, ashe haka kansa yake a komai.

Mun kai wajen na goma sai Inna ta kwaɗa mini kira daga madafa.

"Zo ki tsince mani zogale."

"Inna, aikena ake yi."

"Na ce ki zo."

Na tashi ina ƙunƙuni. Na tarar zogalen a tsince yake tun safe, tas. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta ɗora yatsa a leɓe, ta tura mini faifan ta ce in sake. Tagar madafarmu tana kallon falo. Muka zauna muna juya ganyen da ba shi da komai, falo kuwa tsit, ba abin da ake ji sai kiɗan wasan. An daɗe a haka, har na fara tunanin Yaya ya tashi ya fita. Sai muryar Baba.

"Wanga bargon hwa?"

Ba Uwata a gaban maganar.

"Gidan mai jar ƙofa, Baba. Bayan maƙera."

"Ta ina?"

"Ku bi hagu. A'a, ɗaya hagun."

Na dubi Inna. Hawaye ne ke sauka a kan zogalen, ba ta ma share ba, hannunta na ci gaba da tsinta.

Yamma uku aikin ya ɗauke su. Ni ban ƙara zama a tsakaninsu ba, a bakin ƙofa nake tsayawa, wurin Yaya na dā, don shi ya matsa ciki. Ranar farko kan tabarma a gefe, rana ta biyu dab da kujerar, yana nuna hanya da yatsa. Baba ya tuɓe wa mutumin sulke da hula ya ajiye su a ƙofar maƙerin, mutumin ya koma cikin tsohuwar rigarsa. Kayan da suke ajiyewa nan suke zama a ƙasa, masu gidan su zo su wuce ta kansu ko kallo ba sa yi. Yaya ya ce wannan raini ne, a kawo maka kayanka har gida ka kasa sunkuyawa. Baba ya ce ƙwarai, waɗanda suka yi wasan ba su taɓa zaton wani zai dawo da abu ba. Karo na farko ke nan da na ji sun yarda da juna a kan wani abu. Bai hana su musu a kan sauran ba. Yaya na nan a kan cewa surutun ya yi yawa, Baba na nan a kan cewa faɗan ne ya yi yawa, dokin kuwa su biyun suka haɗu suka ce hannuna ne.

Yamma ta ƙarshe, ana gobe tafiya, jakar ta koma fayau, saura zobe ɗaya. Baba ya tambaya, Yaya ya ce na wani ɗan ƙauye ne a gindin dutse, amma muryarsa ta yi ƙasa. Suka hau doki suka tafi. Da suka isa, babu ƙauyen. Toka ce da baƙaƙen ginshiƙai, hayaƙi na tashi, ba kowa.

"Mi ya hwaru nan?"

"Haka labarin yake, Baba. Da zarar an ƙetare gada, ƴan fashin ke zuwa su ƙone garin. Da ba a ƙetare ba, da yana nan." Yaya ya sunkuyar da kai. "Ni na ƙetare. Wannan ba inda za a mayar da shi."

Baba ya sauko da mutuminsa daga doki, ya zaga kangon a ƙafa, a hankali, har ya dawo inda ya fara. Yaya bai ɗago ba. Ya gyara zama ya durƙusa sosai, yadda yake yi da safe, ya ce, "Na yi abu ban tambaye ku ba. Ba sau ɗaya ba. Ku yafe mini."

Baba ya buɗe jakar ya dubi zoben, ya rufe ta da zoben a ciki. Ya ajiye manet a hannun kujera.

"Motar ƙarhe nawa ce gobe?"

"Bayan sallar asuba, Baba."

Sai Baba ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya dube shi. A iya sanina, ban taɓa ganin ya dubi fuskar Yaya kai tsaye haka ba. Ya ɗora hannu a kansa.

"Na yahe maka, duniya da lahira. Aikin da ka zaɓa, ka iya shi, na gani. Allah shi yi maka albarka. Allah shi tsare hanya, shi haɗa ka da mutanen kirki."

Yaya ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa. Ni na faɗe ta daga bakin ƙofa, na ji Inna ta faɗa a bayana, ban ma san ta zo ba. Ba wanda ya motsa har aka kira magariba. Baba ya janye hannunsa, ya dafa kafaɗar Yaya ya miƙe, ya ce, "Tashi mu tahi masallaci."

Yaya ya riga shi zuwa ƙofa ya juya masa takalmansa. Suka fita tare, Baba a gaba, shi a baya da taku ɗaya.